Kujerar Kaka Yagana a Jirgin Ƙasa

Kaka Yagana,

Assalamu alaikum. Ya ƙarfin jiki, ya mutanen Makoda? Gyaɗar Kawu Umara ta yi kyau bana?

Ina lafiya a Jamus. Bincikena kan ƙaura, mai ɗauke da labarin tasowarku daga Barno, malaman jami'o'i suna ta kafa hujja da shi. Ƙa'idar aikin ce ta sa na ɓoye sunanki, Indo suke ce miki.

A jirgin ƙasa ba mai zama kusa da ni, saboda fatata. Ba komai. Nakan lumshe ido in ajiye ki a kujerar, kina ɓarar gyaɗa, gonaki suna wucewa.

Kawu ya naɗo mini muryarki a waya. Wannan karon ba ta bincike ba ce, tawa ce.

Jikanki kuma angonki,
Fatihu