Lambar Sirrin Wayar Malama

Litinin, 5 ga Mayu

Waya bakwai yau. Ta ƙarshe ta wata malamar firamare ce, gilashin ya tarwatse kamar mota ta bi ta kai. Na tambaye ta lambar sirri, ta ce, "Dole ne?" Na ce, "Malama, in na sa sabon gilashi, da me zan gwada ko yana taɓuwa?" Ta faɗa. Na rubuta a salatif na manna a bayan wayar, yadda kowa ke yi a layinmu.

Tunda ba mai karanta littafin nan sai ni: gwajin gilashi minti ɗaya ne. Sauran lokacin leƙe nake yi. Shekara goma sha ɗaya ina gyaran waya, na san mai soyayya a ɓoye, na san mai zagin surukinsa, na san attajirin da ke kuka a saƙon murya. Ban taɓa ɗaukar abin kowa ba. Ido ne kawai.

Talata, 6 ga Mayu

Na leƙa ta Malama. Ba soyayya, ba gulma. Guruf ɗaya ne, mutum arba'in da uku, duk dangin waɗanda aka kama aka tsare ba a kai su kotu ba. Ƙaninta yana cikin tsararrun, wata biyar ke nan. Suna tattara sunaye da ranar da aka ɗauki kowa, za su kai wa lauya. Wata tsohuwa ta turo murya, ita dai a gaya mata ko ɗanta yana da bargo.

Da rana na ba Dogo mai sayar da caja labari. Muka yi ta dariyar malamar da za ta ja da hukuma da fasasshiyar waya.

Laraba, 7 ga Mayu

Dogo ba ya iya riƙe magana ko ta minti biyar. Na san haka tun ba yau ba, kuma na buɗe baki na faɗa masa. Me ke damuna ne?

Alhamis, 8 ga Mayu

Mai Turare ya zo. Haka muke kiransa, don ƙamshinsa ke riga shi shigowa layi. Ba ya sa kaki, amma duk kasuwa an san wa yake wa aiki. Ya zauna a bencina, ya ce, "Maigida, an ce akwai wata waya a nan. Awa ɗaya kawai zan yi da ita, in dawo maka da abarka."

Ban san inda tambayar ta fito ba, sai ji na yi na ce, "Ranka ya daɗe, akwai takardar kotu?"

Ya yi dariya har da buga gwiwa. "Kai da ka buɗe, wace kotu ta ba ka takarda?"

Wallahi kamar ya watsa min ruwan zafi. Na yi masa ƙarya, na ce na cire gilashin, sabon ba zai iso ba sai Litinin, yanzu ko kunnuwa ba ta yi. Alhali tana cikin durowa a gyare tsaf, lambar na manne a bayanta. Ya ce zai dawo Litinin ɗin. Kafin ya fita ya tsaya ya daɗe yana karanta takardar izinin shagona da ke jikin bango.

Juma'a, 9 ga Mayu

Na ƙona yatsa da ƙarfen narka dalma. Na mayar wa wani batir a juye. Duk wanda ya gifta sai in ɗaga kai. Dogo ya leƙo yana washe baki, wai shi mutum biyu kawai ya faɗa wa. Ban ko kalle shi ba.

Layin da zan kira Malama a kai yana cikin wayar da ke durowata. Abin dariya, in da ina da bakin dariya.

Asabar, 10 ga Mayu

Yaya ya zo gida, na faɗa masa komai. Ya ce, "Ba shi mana. Ƙanwarka ce? In ba su yi komai ba, me suke tsoro? Kana da yara huɗu, shagon nan shi ne cinku." Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushinsa.

Maman yara tana gefe tana ninke kaya, ba ta sa baki ba sai da ya tafi. Sannan ta ce, "Tawa da ka gyara bara, ita ma ka leƙa?"

Na kau da kai. Ta miƙe, ta ɗauki wayarta daga kan tebur, ta jefa a jaka ta ja zif. Shekara sha huɗu muna tare, ban taɓa jin kunya irin ta yau ba. Kuma ba abin da na gani a wayar tata sai hotunan yara da saƙon 'yar'uwarta. To in ba ta yi komai ba, me ya sa ranta ya ɓaci? Ina ta juya wannan, da maganar Yaya, sun ƙi zama wuri ɗaya.

Litinin, 12 ga Mayu

Ban buɗe shago ba sai da na bi makarantun unguwa. A ta uku na same ta tana jera yara a layi. Na miƙa mata wayar, na faɗa mata duka: leƙen, da Dogo, da Mai Turare. Na so ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

Ta ce, "Suna nawa ka faɗa wa mutane?"

Na ce ko ɗaya.

Ta ɓare salatif ɗin a hankali, ta miƙo min. "Riƙe kayanka. Ka san ba laifi muke yi ba? Cewa muka yi in sun yi laifi a kai su gaban alƙali, in ba su yi ba a sake su. Shi ke nan fa." Ta juya ta ci gaba da jera yaranta.

Mai Turare ya zo da rana. Na ce mai waya ta karɓi abarta. Bai yi faɗa ba, kai kawai ya gyaɗa. Da ma ya yi faɗan.

Laraba, 14 ga Mayu

Kwaɗo biyu a ƙofar shagona, ɗaya ba nawa ba. Shugaban kasuwa ya ce takardata tana da matsala, yana magana yana kallon takalminsa. Shekara goma sha ɗaya ba ta da matsala.

Asabar, 17 ga Mayu

Jiya sun ɗauke Malama a bakin makaranta, wai tana tunzura jama'a. Sunayen dai ba su samu ba, wayar tana hannun lauyarta tun ran Litinin.

Lauyar ta zo har gida, 'yar siririya, takalminta duk ƙura. Tana so in faɗa wa kotu cewa an nemi wayar ba takarda, kuma da na hana aka rufe min shago. Ta ce, "Amma ka sani, za su tambaye ka yadda aka yi aka san da guruf ɗin."

Wato in tsaya gaban jama'a in ce ni mai leƙen wayar mutane ne. Bayan nan wa zai sake miƙo min waya, ko da an buɗe shagon? Na ce ta yi haƙuri, ba zan iya ba. Ta ce zaman kotun ran Alhamis ne, ƙarfe tara, ta tafi. Ban tambaye ta ranar ba ma.

Litinin, 19 ga Mayu

Gida ya ishe ni. Na kwance rediyon da ba abin da ya same shi, na mayar.

Talata, 20 ga Mayu

Ba ruwana. Na yi abin da zan iya, har shagona ya tafi a kai. Sau nawa zan rubuta wannan?

Alhamis, 22 ga Mayu

Ba kotu na nufa ba. Fita na yi in miƙe ƙafa, hanyar ce ta bi ta can. Na shiga don akwai fanka, na zauna a bencin ƙarshe.

Ɗakin cike da mata da tsofaffi. Ban san fuskar kowa ba, amma da suka fara gaisawa na riƙa gane muryoyin ɗaya bayan ɗaya. Har tsohuwar nan mai tambayar bargo. Na sunkuyar da kai.

Aka shigo da Malama, ta rame. Mai Turare yana gaba, ya waiwayo ya gan ni, ya yi murmushi. Lauyar ta ce tana da mai shaida, in ya zo. Ta duba ɗakin. Ni dai ban ce wa ƙafafuna komai ba, sai ga ni a tsaye.

Magatakarda ya ce, "Mene ne kai a wurinta?"

Na ce, "Ni ne na buɗe mata waya ba da izininta ba."

Magatakarda ya duƙa kan takarda. Ya rubuta sunana da unguwarmu da lambar gidanmu, Mai Turare ma ya rubuta. An ɗage zama sai Talata.

Ban ce zan koma ba. Na dai ce wa maman yara ta wanke min farar rigata kafin Litinin.