Ƙanena Ya Juya Inji, Yatsuna Suna Ciki

Baba Andrawus, don Allah ka taimake ni kafin in yi abin da zan yi nadama.

Bayan yaƙi na bar aikin Reluwe na buɗe rumfa a nan Kafanchan, ina lanƙwasa farantin ƙarfe da bututu, ina yin tankin ruwa da bakan rufin ɗaki. Injina na hannu ne: ni ke tura ƙarfe, ƙanena Kambai ke juyawa. Ni na ɗauko shi daga ƙauye, ni na koya masa. Kafin Kirsimeti muna naɗe faranti, na ce ya tsaya in gyara bakin farantin. Shi yana can yana kallon 'yan mata masu tallar lemu, ya juya injin. Yatsuna uku na dama suka tafi.

Yatsu ba su dame ni kamar abin da ya biyo baya ba. Aka baza a gari wai burkutu na sha, ni da ban taɓa kai ta baki ba! Dattawan ikkilisiya suka dakatar da ni daga Jibin Ubangiji. Kambai yana zaune a wurin taron dattawan, bai faɗi gaskiya ba. Yanzu shi ke buɗe rumfa da asuba, yana aikin mutum biyu, matata Afiniki har tana yabonsa. Ni ko tarinsa na ji sai jinina ya tafasa. In kore shi, ko in tona shi ranar Lahadi a gaban kowa?

Mai Ɓacin Rai, Kafanchan

Ɗana, sannu. Fushinka yana kan gaskiya. Yatsu tsautsayi ne, amma shirun Kambai laifi ne babba. Sai dai mai mugun nufi ba ya aikin mutum biyu. Tsoro ne da kunya suka ɗaure masa baki, yake roƙon gafara da gumi. Wannan bai isa ba, gumi ba ya wanke suna.

Kada ka tona shi a majami'a, gidanku za ka tona. Ka zaunar da shi ku biyu, ka ce kafin Lahadi ya je gaban dattawa ya faɗi gaskiya da bakinsa. In ya ƙi, ka kai maganar wurin Fasto tare da kawunku, sannan ka sallame shi. In ya je, ka riƙe shi, ba za ka iya tura faranti da hannu ɗaya ba.

Kada ku sake tsayawa kan injin nan tare kafin a gama wannan magana. Allah ya ba ka lafiya, ya sanyaya maka zuciya.

Baba Andrawus