Madubin da ya maƙale ranar hoton Baba

Kumbiya-Kumbiya, Gombe
9 ga Agusta, 1976

Zuwa ga Yaya Ɗantala,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kai da Yaya Delu da yara kuna lafiya a Ingila, Allah ya ƙara mana haƙurin rashin Baba, ya haskaka kabarinsa. An yi sadakar arba'in ranar Laraba. Inna tana nan da sauƙi, sai dai ba ta cin abin kirki.

Ka tambayi hoton Baba a wasiƙarka, ka ce yaran da aka haifa maka a can su ga kakansu ko sau ɗaya. Na fi sati ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ka san Baba, duk rayuwarsa bai yarda an ɗauke shi hoto ba. Da jiki ya tsananta, sai da na yi kwana uku ina lallashinsa da sunan 'ya'yanka kafin ya amince. Ranar Juma'a ya sa farar rigarsa, aka naɗa masa rawani, aka rirriƙe shi zuwa kujera a tsakar gida. Ya ce in yi maza kafin jiri ya ɗebe shi.

Kyamarar da ka aiko bara tana cikin akwatina. Da damina ta kama na ji tsoron tsatsa, ni da iyayi, sai na ɗiɗɗiga mata man da nake sa wa keken ɗinkina. Wallahi gyara na nufa. Ranar hoton na leƙa ta cikinta, na ga Baba tas, na danna. Ta yi ƙas sau ɗaya, daga nan sai duhu. Na girgiza, na bubbuga, babu. Raina ya ɓaci, na ɓalle bayanta nan cikin rana tsaka, na zaro fim ɗin ina duba abin da ya toshe. Baba ya yi murmushi, ya ce Allah bai nufa ba, a mai da shi ɗaki. Bai ƙara fitowa ba.

Maigidana Hudu ya kai ta wurin George, mai hoto na unguwar Jekadafari. George ya ce akwai ɗan madubi a ciki da ke ɗagawa in an danna, ya komo. Man da na zuba ne ya daskare da datti ya riƙe shi a sama. Kwana huɗu yana goge ta da auduga da tsinke. Ya ce kada a ƙara sa mata mai, a ajiye ta inda babu laima, a riƙa danna ta lokaci-lokaci. Yanzu tana aiki sumul, ni kuwa ko kallonta ba na son yi.

Yaya, ga abin da ban faɗa wa kowa ba, ko Inna. George ya ce sai da hoton ya ɗauku sannan madubin ya maƙale. Baba yana cikin fim ɗin nan da rawaninsa. Da na bar ta a rufe, da yau yana hannunka. Ni na buɗe wa rana ta cinye shi. Ka yafe mini don Allah.

Inna tana gaishe ku, haka Baffa Jaji da Hudu. Ka gaishe mini da Yaya Delu. In yara sun tambayi kamannin kakansu, ka tsaya gabansu su kalle ka da kyau, goshinku ɗaya.

Taka ƙanwa,
Jumma