Ina Matan Gidanmu?

Kumasi, Gana.

Zuwa ga Yaya Saliha,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina damina? Ya Inna da ƙafarta, da mutanen Ƙaura baki ɗaya? Mu nan lafiya lau, shago yana tafiya. Ɗana Abdulaziz ne dai ya ɗan kwanta asibiti da ciwon ƙashin nan nasa, amma ya ji sauƙi.

Likita ta ce sikila ce. Ta ɗauko takarda za ta zana zuri'armu: namiji akwati, mace da'ira, mai ciwon kuma a cike nasa da baƙi. Na gyara zama na jero mata kakanni bakwai tun daga Zurmi, ko tuntuɓe ban yi ba. Sai ta ce, "Alhaji, ina matan?" Yaya, ashe rabin gidanmu ban san shi ba.

Da can dangin matata Halima na ɗora wa laifi. Takardar ta nuna sai uwa da uba kowa ya ba da nasa gadon kafin ɗa ya samu ciwon. Ni da nake cewa ban gaji komai ba sai gumina!

Ki lallaɓi Inna: su wa ta haifa kafin ke, kuma me ya ɗauke su? Kin san ba ta kama sunansu.

Maganar auren ɗanki Mustafa da ɗiyata Mubaraka ina sonta har raina, amma su yi gwajin jini tukuna. Na ga Abdulaziz yana cizon matashi don zafi. Ba na son jikanmu ya gaji wannan.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Muhtari.