Ranar da Na Tsallake Shinge a Dukhan

Madinat Khalifa, Doha

Yaya Atine,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya Kano, ya ƙafar taki?

Yaya, na yi abin kunya. Kin san 'yarki Ikhlas tana ƙungiyar besbol ta makarantarsu, wasan nan da ake jefo ƙwallo a make ta da sanda. Ranar Asabar suka yi wasan ƙarshe a garin Dukhan. Na kwashi iyali a mota har da kular shinkafa, muka keta sahara, ina ta cika baki, alhali ko doka ɗaya ta wasan ban sani ba.

Ana dab da tashi, yaron da ke jifa ya sami Ikhlas a hannu. Ban san lokacin da na tsallake shinge ba. Na ci kwalar ɗan mutane, ina zazzaga masa masifa da Hausa. Ashe a dokarsu, wanda ƙwallo ta sama wucewa yake kyauta, kuma da wannan wucewar su Ikhlas za su ci wasan. Alƙali ya kore ni, ya ba 'yan Dukhan nasara.

Haka muka juyo Doha. Tun ranar, gaisuwa kaɗai ke haɗa ni da Ikhlas. Uwarta ta ce ta cusa rigar wasan ƙarƙashin gado. Ko ido na kasa haɗawa da yarinyar. Don Allah ki sa baki.

Ƙaninki,
Badaruddeen

Kano

Badaru,

Na amsa gaisuwa, ƙafa da sauƙi.

Na yi dariya har da hawaye. Injiniya guda, da tumbi, kana tsallen shinge! Sa baki kam ba zan yi ba. Na dai kira ta. Ta ce ba faɗuwar ke cin ranta ba, kukan da yaron ya yi a gaban jama'a ne. Motar da ta kai ka Dukhan ai ba ta lalace ba.

Allah ya shirye ka.

Yayarka,
Atine

Baba,

Ina kwana.

Kocinmu ya ce jiya ka koma Dukhan, ka ba yaron haƙuri a gaban 'yan ƙungiyarsu duka.

Muna da wasan sada zumunci ranar Juma'a a garin Al Khor. Ka kai ni, amma ka zauna kusa da Umma ta riƙe maka riga.

Hannun har yanzu yana ciwo. Ban gaya wa kowa ba.

'Yarka,
Ikhlas