Aƙilu Mai Feshi

Funtua,
5 ga Mayu.

Zuwa ga Yaya Barakatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da Malam da yara. Na aiko wannan ta hannun Ummaru direba, tunda har yau ba ki sake waya ba, maganar kuma ba ta wayar Malam ba ce.

Yaya, na gaji. Wata huɗu ke nan da na sayar da shanun huɗana na sayi injin wankin motar nan, na kafa rumfa a bakin hanyar Bakori. Injin lafiyarsa ƙalau. In na tayar da shi, ruwa yana fita da ƙarfin da zai ɓamɓare busasshiyar laka daga jikin tirela. To amma tirelar wa? Sai in wuni a kan benci ina kallon motoci suna wuce ni zuwa wurin manyan masu wanki na kusa da tasha. Jiya daga safe har la'asar babur biyu na wanke.

Na gane ba a san ni ba ne. Na je gidan rediyo na yi ciniki: mako biyu, safe da yamma. Akwai kuma mai lasifika da zai zaga da sunana kasuwar Bakori da ta Dayi, ga allon da za a rubuta min.

Shi ne na ce ki taimaka ki sayar da buhunan masarata biyar da ke ɗakinki. Na san ni da bakina na ce miki da kaka, ko na zo ina kuka kada ki ba ni, don abincin matata Ummi da yara ne har sabuwa ta nuna. Ban manta ba. Amma in aka san ni, wata ɗaya ya isa in mayar da su.

Ki gaishe da Malam.

Ƙanenki,
Aƙilu.

Ƙarfi,
21 ga Mayu.

Aƙilu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ruwa ya sauka, kowa yana gona ban da kai.

Kuɗin da Ummaru ya kawo maka ban haɗa su da takarda ba saboda fushi nake yi, kuma in na yi rubutu cikin fushi sai na zage ka. Buhu uku na sayar. Biyu suna nan, na ɗora musu tukwanena, kada ma ka sa rai.

Na ji ka a rediyo! Ina tankaɗe sai na ji mutumin yana ihu: "Aƙilu Mai Feshi, Funtua! Ruwa mai ƙarfi, aiki mai sauri, duk inda kuke za mu zo!" Wallahi sai da rariya ta kusa kuɓuce min. Matan unguwa sun shigo suna yi min barka, wai ƙanena ya zama babban mutum. Ni dai ban ji inda aka ambaci mota ba, amma ku mazauna birni kun fi ni sanin yadda ake talla.

Maza uku sun yi sallama da Malam suna neman lambarka. Allah Ya sa alheri ne. Ka riƙa cin abinci, Ummaru ya ce duk ka rame.

Yayarka,
Barakatu.

Funtua,
3 ga Yuni.

Yaya Barakatu,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. In kin sa an kira ni ba a samu ba, ni na kashe wayar, yau kwana huɗu.

Tallar ta yi aiki, Yaya. Ta yi aikin da ban sa ta ba. Ranar farko waya ta yi ƙara sau goma sha tara. Na farko ya ce eka nawa nake iya yi a rana. Na ce eka ta me? Na biyu ya ce da maganina zan zo ko shi zai saya. Na uku ya ce ciyawa ta kusa cinye masa masara, in taimaka masa don Allah. Duk manoma ne, duk feshin maganin ciyawa suke so.

Kin ce ba ki ji an ambaci mota ba. Ni na cire. Takardar da na fara rubutawa cewa take "mai wankin mota da gidaje". Sai Almustapha mai faci, maƙwabcina, ya karanta ya kwashe da dariya, wai gobe zai kawo min rigunansa, in haɗa masa da guga. Kunya ta kama ni. A ƙofar gidan rediyon na soke wanki na rubuta feshi, don na ga ya fi girma a baki. Ni ɗan manomi, wanda ya tashi a Ƙarfi, na manta abin da feshi yake nufi a ƙasar nan, na kuma manta watan da muke ciki.

Bari ki ji ta Dayi. Wani Alhaji Maiwada ya kira ya ce yana da babban aiki, in zo da injin, kuma yana maganar ina jin tarakta tana kuka a bayansa. Na ce alhamdu lillahi, yau ga wankin tarakta. Ban tambaya ba, don ina tsoron amsar. Na ɗauki hayar a-kori-kura, muka ɗora inji da tanki har Dayi. Muna sauka ya nuna min gona, ba ka ganin ƙarshenta. Ya zagaya injin sau biyu yana shafa gemu, ya ce, "Kai, wannan ai sai ya gama kafin azahar. Ina ake zuba maganin?" Na ce Alhaji, in na kunna wannan a kan masararka, ko ɗaya ba za ta rage a tsaye ba. Ya ce to me ya sa na ce wa duniya ni mai feshi ne? Ya sa aka kawo min fura, na sha, muka sake ɗora inji.

A duk wannan hayaniya mutum ɗaya na wanke wa abu. Wani dattijo ne daga Bakori, ya zo har rumfa neman feshi, da ya ji labarina sai ya ce to wanke min babur ɗin kada in tafi haka. Buhu uku na masara, Yaya, babur ɗaya suka kawo min, shi ma don tausayi.

Yanzu na san kuskuren. Kalma ɗaya ce za a gyara. Mutanen rediyo sun ce sai an sake ɗaukar murya, sabon biya ke nan, allon ma sai an sake fenti. Ki sauke tukwanenki ki sayar da biyun nan. Wannan karon "wankin mota" zan ce, kowa ya yi dariyarsa.

Ƙanenki,
Aƙilu.

Ƙarfi,
7 ga Yuni.

Aƙilu,

Wa alaikumus salam. Na karanta wa Malam takardarka, ka yi haƙuri. Da muka zo wurin Alhaji Maiwada ya yi dariya har ya ƙware. Ni ma na yi, daga baya kuma na yi kuka.

Babu buhu biyu. Ɗaya da rabi ne. Ummi ta fara zuwa da kwano tun makon jiya. Ta bayan gida take shigowa, ta zauna ta yi ta hirar da ba ta da kai, sai na gane na tashi na auna mata. Ta roƙe ni kada in faɗa maka, wai kana da abin da ya dame ka. To na faɗa. Sabuwar masara sai nan da wata uku, ka lissafa bakunan gidanka da kanka.

Ba zan sayar ba. Ko ka zo ka kwanta a zaure, ba zan sayar ba. Ka ce ba a san ka ba ne. Yanzu daga Funtua har Malumfashi wa bai san ka ba? Ko an ce wankin mota, manyan nan na kusa da tasha suna nan inda suke, ba su ƙaura ba.

Na san tun kana yaro ka tsani gona, kuma na san ranar da ka tafi ka ce ba za ka sake saɓa komai a bayanka don wani ba. Ban ce ka sayar da injinka ba. Amma Malam yana da injin feshi na goyo guda biyu, ɗaya a rataye yake. Mutanen da ka kashe wa waya, da kuɗinsu a hannu suke kiranka, kuma ciyawa ba za ta jira ka huce ba.

Allah Ya ba ka haƙuri. Ni ma na gaji da rubutu.

Yayarka,
Barakatu.

Funtua,
9 ga Yuni.

Yaya,

Assalamu alaikum.

Ki sa a kai wa Ummi buhun har gida, da rana, ta ƙofar gaba. Kada ta sake zuwa da kwano.

Na lulluɓe injin da tamfol, Almustapha zai riƙa duba min. Na kunna waya jiya, kiran Alhaji Maiwada ne ya fara shigowa. Na ce masa jibi da sassafe. Ki roƙar min Malam na goyon, zan biyo gobe in ɗauka.

In wani ya tambaye ki sana'ar ƙanenki, ki ce mai feshi ne. Ai na biya kuɗin sunan.

Ƙanenki,
Aƙilu.