Gasayar Inna

Laraba, 2 ga Afrilu 2025

Yau kwana tara mahaifiyata Inna ba ta cin abin kirki tun da aka sallamo ta daga asibiti. Kunu cokali uku, sai ta kau da kai. Ta ce ita kwaɗon gasaya take so, ɗanya, irin wadda suke tsinka a ruga tun tana budurwa. A tsakiyar bazara! Matata Sabuwa ta jiƙa mata busasshiya, ko kallo ba ta ishe ta ba. Na ce zan shuka mata a bayan ɗaki. Sabuwa ta ce, "Malam, wa ya taɓa shuka gasaya? Ai ita take zuwa da kanta." Shekara talatin da ɗaya ina koyar da aikin gona a sakandare, yau ni ake wa wannan tambaya.

Asabar, 5 ga Afrilu

Na samo iri a bakin fadama wajen Kabo. Ganyen duk ya tsufa ya zube, amma 'ya'yan sabbi fil, da hannuna na murje su. Na ja igiya na yi kunya huɗu a miƙe, na auna zurfi da ɗan yatsa, na rufe na danne. Maƙwabcina Haladu ya leƙo ta katanga ya ce gonar ta yi kyau kamar a littafi. Gaskiya ya faɗa.

Asabar, 12 ga Afrilu

Shiru. Ban-ruwa safe da yamma.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ciyawa ta fito, har da wani tumatir da ban gayyata ba. Gasaya ko ɗaya. Na tona, ga irin nan kwance yadda na sa shi. Laifin irin ne, ba nawa ba.

Inna ta rame. Da na ɗaga ta zan gyara mata matashi, sai na ji kamar buhun ƙaiƙayi na ɗauka. Na ji tsoro, a nan kawai zan faɗa. Ta tambaye ni, "Ta fito?" Na ce saura kaɗan.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Na sake shuka, wannan karon na jiƙa irin tukuna. Sabuwa tana wanke-wanke ta ce, ba tare da ta ɗago ba, wai sabon iri barci yake yi, sai ya kwana biyu a ajiye, kuma gasaya ba ta son a binne ta. Na ce a wane littafi? Ta ce, "A makwantar shanun babanmu." Na bar maganar, ban saba musu da mace a kan ƙasa ba.

Litinin, 21 ga Afrilu

Jalo ƙanen Sabuwa ya zo daga Lakwaya a babur da buhu guda. Na zaci hatsi ne. Ashe turɓaya ce ya kwaso daga inda garkensu ya yi damina bara, duk kashin shanu ya ruɓe a ciki. Sabuwa ta watsa ta a gindin katanga inda ruwan wanke-wanke yake bi. Ba kunya, ba layi, ba awo. Na ce mata ta mai da mini gida juji. Ta ce to.

Asabar, 26 ga Afrilu

Kunyoyina shiru har yanzu.

A gindin katanga kuwa wasu 'yan tsirrai sun yi cincirindo. Na tsuguna na duba da tabarau. Ciyawa ce mai yiwuwa.

Alhamis, 1 ga Mayu

Ba ciyawa ba ce. Na murza ganye ɗaya, warin nan nata ya bugi hancina. Gasaya ce, tsohon irin da ya zube a makwanta tun bara. A kimiyyance ma haka abin yake, na san na taɓa karantawa, mantawa na yi. Na kewaye wurin da ƙaya saboda awaki, na rage masu cunkoso, na hana a zuba ruwan sabulu. In ba don ni ba da sun shaƙe juna. Haladu ya leƙo ya ce, "Malam, ka ciri tuta." Ban gyara masa ba.

Kunyoyin nan huɗu na daina ba su ruwa. Ruwan rijiya ya ja baya ne.

Talata, 20 ga Mayu

Mun tsinka da safe, faranti guda cike. Sabuwa ta dafa ta tsane, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan yaji. Ni na kai wa Inna. Ta shinshina tukuna, ta daɗe tana kallo. Loma bakwai na ƙirga, ta takwas ta ce a ajiye mata sauran zuwa la'asar. Na fita tsakar gida na tsaya kaɗan, idona ne ya dame ni.

Da na dawo ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Ashe karatun bai tafi a banza ba, har gasaya ka iya shukawa."

Sabuwa tana bakin ƙofa da buta, kuma na san ba za ta ce aikinta ne ba har abada. Na buɗe baki zan ce amin, sai na ji na ce, "Inna, Sabuwa ce. Tawa ba ta fito ba."

Ƙayar dai ni na sa.